Daga Baga Zuwa Ƙetare: Yadda Ake Fitar da Kifi da Ransa

Duk wanda ya tashi a Maiduguri ya san ƙamshin kasuwar kifi ta hanyar Baga tun kafin ya hango rumfunanta. Ga kwalaye jibge an ɗaure da igiya, kowane da alamar mai shi, ga manyan motoci suna jiran lodi zuwa Onitsha da Enugu da Legas. Mu a nan kifi banda ne, a kwali muka san shi, sai kuma a tukunya. Amma akwai wata kasuwa da ba a sayen kifi sai yana numfashi, kuma ɗaya-ɗaya ake ƙirga shi. A Jamus da Japan da Ingila da Amurka akwai masu ajiye kifi a akwatin gilashi cikin falo, kamar yadda wani a nan yake kiwon tattabaru don sha'awa kawai. Kifayen ruwanmu suna da masoya a wurinsu: gwando, gaiwa, yauni, kurungu, minjirya, talibambam. Najeriya ta daɗe tana fitar da irin waɗannan, sai dai cinikin a hannun 'yan kasuwar Legas yake, alhali da yawa daga cikin kifayen suna nan a Tafkin Chadi da Komadugu Yobe da fadamun Haɗejia da Nguru.

Wanda yake son shiga wannan sana'a ya riƙe abu ɗaya tun daga farko. Kifin daga Baga zai taso, amma shirin daga can ƙasar da za ta karɓe shi ake faro shi, a yi ta dawowa baya har a iso bakin ruwa. Ita ce take faɗin wane kifi take so da wanda ba ta so, ita ce take tsara abin da za a rubuta a takardar lafiya, ita ce kuma za ta buɗe akwatin. Mu namu shi ne cika sharaɗi. Yawancin asarar da ake tafkawa daga juya wannan tsari take zuwa: mutum ya tara kifi, ya ciyar da shi wata guda, sannan ya fara tambayar takarda.

Tsananin da ƙasashen da ke karɓar kifin suke yi ba ƙiyayya ba ce. Kifi mai rai ba shi kaɗai yake tafiya ba, yana tare da ruwan da yake ciki, da yauƙin jikinsa, da duk ƙwayar cutar da ta laɓe a ciki. Akwai cutar gyambon kifi da ake kira EUS, wadda ta daɗe tana ɓarna a Asiya, sai ga ta a kogin Chobe da Zambezi a tsakanin 2006 da 2007, daga nan ta ci gaba da bazuwa a kudancin Afirka. Akwai cutar karfasa da ake kira TiLV, wadda aka fara gano ƙwayarta a Isra'ila a 2014. Tsoronta ya sa Ghana ta rufe ƙofa ga shigo da karfasa da kifin ado na wata 6 a 2018, duk da haka kafin shekarar ta ƙare wata cutar daban ta faɗa wa masu kiwon karfasa a Tafkin Volta ta kashe musu kifi mai yawan gaske. Ko kifin lafiyarsa ƙalau, shi kansa yana iya zama annoba a ruwan da ba nasa ba. Giwan ruwa da muke alfahari da shi, da aka saka shi a Tafkin Victoria a shekarun 1950, ya cinye ƙananan kifayen tafkin har nau'o'i da dama suka ɓace. Saboda irin wannan ne hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da ke Paris, wadda aka kafa a 1924, aka san ta da OIE kafin ta koma WOAH a 2022, take da kundi na musamman a kan dabbobin ruwa. A cikinsa akwai jerin cututtukan da dole ƙasa ta bayyana idan sun ɓulla, da samfurin takardun lafiya da ƙasashe suke gina nasu a kai.

Tambayar farko: an yarda kifin ya shiga?

Kafin ka sayi ko leda ɗaya, ka rubuta wa mai sayenka sunayen kifayen da kake iya samu, ka ce ya tabbatar maka daga hukumar ƙasarsa cewa kowanne yana da izinin shiga. A nan za ka ga abin mamaki. Tarwaɗa, wadda ita ce ta fi sauƙin samu da sauƙin riƙewa a wurinmu, ba ta shiga Amurka da rai. Dokarsu ta Lacey ta saka danginta gaba ɗaya cikin dabbobi masu cutarwa, tun bayan da wata 'yar'uwarta ta Asiya ta kuɓuce ta cika ruwayen Florida a shekarun 1960. Tufi da danginsa sun shiga wannan jeri a 2002, giwan ruwa ya bi su a 2016. Bayan dokar tarayya kuma kowace jiha tana da tata: Florida ta haramta minjirya da tsage. Karfasa tana shiga, amma tun ƙarshen 2019 sai da izinin ma'aikatar gona ta Amurka da takardar lafiya da ke nuna babu TiLV. Sauran kifayen ado na ƙasashe masu zafi kuwa, galibi abin da ake nema shi ne mai shigo da su ya kasance da lasisin hukumar kifi da namun daji, ya cike fom mai lamba 3-177, ya sanar da su awa 48 kafin saukar kaya, kuma kayan su sauka a ɗaya daga filayen jirgin da aka ware.

Tarayyar Turai tana aiki da dokar lafiyar dabbobi mai lamba 2016/429, wadda ta fara aiki ranar 21 ga Afrilu 2021. Cututtukan kifi da ta fi sa wa ido yawanci na kifayen ruwan sanyi ne, amma tana da jerin nau'o'in da ke kamuwa da su ko ke ɗauke da su, kuma waɗannan ba sa shiga sai daga ƙasar da aka amince da ita, da takarda irin samfurin da aka buga. Ko wane iri ne kifinka, dole mai saye ya shigar da sanarwa a manhajar TRACES kafin isowarsa, kuma dole ya bi ta wurin binciken kan iyaka inda likitan dabbobi zai duba. Ingila tun da ta fice daga Tarayyar tana da tata hanya: sufetocin lafiyar kifi da ke Weymouth su ke ba mai shigo da kaya izini, sanarwa ta manhajar IPAFFS ake yi, kayan da suka sauka a Heathrow kuma akwai cibiyar karɓar dabbobi da ake kai su. Ostareliya ta fi kowa tsauri, nau'o'in da ta lissafa kaɗai take karɓa, daga ƙasashen da ta amince da su kaɗai, sannan ta sake killace kifin bayan ya sauka.

Ba sai ka haddace waɗannan ba, don suna canzawa. Abin da za ka nema a hannun mai saye abu biyu ne a rubuce: kwafin izininsa na shigo da kaya, da samfurin takardar lafiyar da hukumarsu take so, na wannan shekarar. Mai sayen da ya ce maka «turo kawai, zan san yadda zan yi» ba abokin ciniki ba ne. Ko dai bai san sana'ar ba, ko kuma yana so idan ta ɓaci ta ɓaci a kanka.

Sai maganar suna, wadda ake rainawa. Hukuma ba ta san gwando ba, sunan kimiyya take karantawa. Mu kuma sunanmu ɗaya yakan rufe nau'i da yawa. Abin da masunci ya kira gwando yana iya zama Polypterus senegalus, ko Polypterus bichir, ko Polypterus endlicheri, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne. Kurungu ma haka, nau'o'in Synodontis da ke ruwan Chadi suna da yawa. Idan takarda ta ce wani abu, likitan kan iyaka ya ga wani abu daban a leda, yana da ikon riƙe kayan duka. A nan Maiduguri ta yi sa'a. Muna da sashen nazarin kifi da tsangayar likitancin dabbobi a Jami'ar Maiduguri, muna da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi, ga Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kifi ta Baga. Ka kai musu samfur su tantance maka, ka ɗauki hoton kowane nau'i ka ajiye da sunansa. Masana na waje sun daɗe da sanin ruwayenmu fiye da yadda muke zato. Akwai wani ɗan mitsitsin kifin kududdufin damina da aka raɗa wa suna kiyawensis tun 1928, daga kogin Kiyawa na ƙasar Katagum, kuma har yau masu sha'awar irinsa a Turai da wannan suna suke kiransa.

Akwai kuma abin da ko kusa kada ka taɓa. Najeriya tana cikin ƙasashen farko da suka shiga yarjejeniyar CITES kan cinikin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, wadda ta fara aiki a 1975, kuma muna da dokar kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa ta 1985. Ayu da kada suna cikin rukunin da aka hana cinikinsu, kififiya mai taushin baya ba ta fita sai da izinin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Idan wani ya ce ka cusa masa ɗan kada ɗaya a ƙasan akwati, wannan ba ƙarin riba ba ne, hanyar kotu ce.

Takardun gida ba su da wuyar ganewa, haƙuri kawai suke so. Ka yi wa kasuwancinka rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ka karɓi shaidar mai fitar da kaya daga hukumar bunƙasa fitar da kayayyaki ta NEPC, ka buɗe asusun kuɗin waje na kamfani. Kowane kaya da zai fita sai an cike masa fom ɗin NXP ta hannun bankinka, a biya harajin NESS na kashi 0.5 cikin 100 na darajar kayan, kuma kuɗin cinikin su dawo ta banki cikin kwana 180. Waɗannan duk mai fitar da riɗi ko zoɓo ya san su. Naka na daban guda biyu ne. Na farko, dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana fitar da kifi mai rai ko shigo da shi ba da izinin minista ba, kuma wannan izini ta Sashen Kifi na Tarayya ake neman sa, wanda yanzu yake ƙarƙashin ma'aikatar harkokin teku da aka ƙirƙiro a 2023. Na biyu shi ne hukumar killace kayan gona da dabbobi, NAQS, wadda aka sa wa dokarta hannu a 2018. Tana da sashen dabbobin ruwa, tana da jami'ai a filayen jirgi da kan iyakoki, su ne za su duba wurin ajiyarka da kifinka su ba da takardar lafiya. Ka je musu tun kana tunanin gina wuri, da samfurin takardar mai saye a hannunka, ka tambaye su ko za su iya sa hannu a kan kowane layi da ke ciki. Idan akwai layin da ke buƙatar gwajin ɗakin bincike, gara ka ji yau.

Kada wani ya ce maka takarda ƙaramin abu ce. A 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga bandar tarwaɗar Najeriya, ba don an kama guba a cikinta ba, sai don ba a gabatar da bayanan da ke nuna tsarin bincikenmu ya yi daidai da nasu a kan lokaci ba. Kifin da aka riga aka ƙyafe ke nan, balle mai rai.

Ɗakin killacewa

A nan sana'ar take. Takardar lafiya shaida ce kawai a kan abin da ya faru a wannan ɗaki, kuma jami'in kirki ba zai shaidi abin da bai gani ba.

Aikin tun daga hannun masunci yake farawa. Kifin da kalli ya shaƙe ko ƙugiya ta huda bai da amfani a gare ka, ko da yana motsi, don raunin zai zama gyambo bayan kwana uku. Wanda aka kama da gura ya fi, ko da koma mai ƙananan ido aka kwashe shi a hankali. Wanda aka zuba wa magani a ruwa kuwa ba a ma maganarsa, doka ta hana, kifin kuma matacce ne da bai faɗi ba tukuna. Ka zauna da masunta da sarkin ruwa da fatoman da kake hulɗa da shi, ka nuna musu girman da kake so, yawanci ƙanana da matsakaita, don kuɗin jirgi da nauyi ake biya, kuma ruwa ya fi kifin nauyi. Ka ba su robobi masu murfi, ka biya su a kan kifin da ya iso da lafiya, farashin da ya fi na banda sosai. Waɗannan mutane sun sha wahala tun kafin harin Baga na Janairun 2015 da shekarun da aka rufe hanya, kuma duk wata sabuwar kasuwa da ba ta taɓa aljihunsu ba, a ganina ba ta cancanci a yi ta ba. Ka kuma bi duk ƙa'idar da jami'an tsaro da ƙungiyar masu kifi suka sa a kan hanyar.

Wurin ajiya ya zama ɗaki mai rufi da inuwa, a kan tudu. Ambaliyar ranar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar Alau ta ɓalle, ta koya mana abin da ruwan kogin Ngadda yake iya yi. Tankin da ruwan kogi ya taɓa shiga ya tashi daga killataccen wuri. Tankunan roba ko na siminti da aka jiƙa ya daɗe duk suna yi, muddin kowanne yana da murfi, domin gwando da gaiwa gwanayen tsere ne cikin dare. Kowane kamu da tankinsa, kowane tanki da komarsa da bokitinsa. Kada ka zuba sabon kifi a kan wanda ya yi kwana goma, in ka yi haka ƙirga ya koma farko ga dukkansu. Ruwan burtsatse ya fi na kogi aminci, amma yakan fito da ɗumi kuma babu iska a cikinsa, sai a tara shi a tanki a hura masa iska ya kwana. Ruwan famfo yana da sinadarin kilorin mai ƙona kifi, shi ma sai ya kwana da iska. Injin hura iska kada ya dogara da wutar gari kaɗai, a haɗa masa sola da batir. A watan Afrilu zafin garin nan yana wuce maki 40, ruwa mai zafi kuma ba ya riƙe iska, awa biyu ba inji ta isa ta kwashe maka tanki. Da hunturu kuma sanyin asuba ne abokin gaba, shi ke tayar da cutar fararen ɗigo, wadda za ka ga kamar an barbaɗa wa kifi gishiri.

Masu sana'ar sukan riƙe kifi mako 2 zuwa 4, sai fa idan ƙasar da za a kai ta faɗi nata adadin. A kwanakin nan aikinka kallo ne. Kifin da ya ware kansa, ko yake goga jiki da bango, ko ya tsuke fukafukansa, ko yake haki a saman ruwa alhali ba ɗabi'arsa ba ce, yana gaya maka wani abu. Ka ɗaga murfin kunnensa ka ga jan naman da yake numfashi da shi: ja mai kyau ake so, ba fari ko mai yauƙi ba. Kifin daji kusan duka yana zuwa da ƙwarƙwata ko tsutsa, wannan ba abin kunya ba ne. Likitan dabbobi zai kankari ɗan yauƙi ya duba a madubin likita ya faɗi maganin da ya dace. Kada ka yi gaban kanka. Kifaye marasa ɓawo irin su kurungu da minjirya, da masu dogon baki dangin Mormyrus, maganin da wani kifi zai jure su yana kashe su. Abin da na fi ƙi shi ne zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a tanki kullum don kifi ya yi kyau ranar duba. Ciwon yana nan, an dai rufe shi, zai tashi a hannun mai saye, kuma daga ranar sunanka ya ɓaci, har ma da na ƙasar da ta buga hatimi.

Ka sayi littafi mai kauri. Kowane tanki da shafinsa: ranar da kifi ya zo, daga wane ruwa, daga hannun wa, guda nawa, nawa suka mutu kowace rana, zafin ruwa safe da yamma, ranar canjin ruwa, maganin da aka sa da wanda ya ba da umarni. Takardun lafiya da yawa suna da layin da ke cewa ba a sami mace-macen da ba a san dalilinsu ba a wurin. Da wannan littafi jami'i zai gaskata ka. Idan kuwa kifi ya fara mutuwa da yawa, ko ka ga gyambo mai zurfi ja, ka dakatar da komai ka kira likita da hukuma. Matattun a binne su da farar ƙasa, ruwan tankin kuma kada a sake shi a kwata ya gangara kogi.

Ranar duba, da abin da ke biyo baya

Takardar lafiya tana da ɗan gajeren rai. A tsarin Turai ana duba kifi cikin awa 72 kafin a yi lodi, takardar kuma kwana 10 take aiki. Don haka sai ka tabbatar da gurbi a jirgi sannan ka sa ranar duba. Idan an rubuta, ka zauna ka karanta ta layi-layi tare da takardar ciniki da jerin kaya da takardar jirgi. Sunan kimiyya, adadin kifi, adadin akwatuna, sunan mai aikawa da mai karɓa, lambar jirgi, duk su zama iri ɗaya har harafi. Ba a gogewa, ba a shafa farin fenti. Turai tana so hatimi da sa hannu su kasance da launin da ya bambanta da na bugun takardar, kuma a rubuta ta da harshen ƙasar da kayan za su fara sauka. Ta asali ita ke bin kaya, a cikin leda a manne a akwati na farko ko a hannun kamfanin jirgi. Kwafinta ka tura wa mai saye nan take don ya yi sanarwa.

Kwana 1 zuwa 2 kafin ɗauri a daina ba kifi abinci, manya ma har fiye. Kashin kifi da numfashinsa suna sakin amoniya, ita ce take kashe shi a leda fiye da rashin iska. Leda mai kauri ake sa wa, biyu a haɗe, a ɗaure kusurwoyin ƙasa don kada ƙaramin kifi ya maƙale. Ruwa kashi ɗaya, iskar oksijin kashi biyu, a murɗe baki a naɗe da roba. Kurungu yana da ƙaya mai huda leda, sai a sa takardar jarida tsakanin ledojin ko a ƙara ta uku. Minjirya da yauni da talibambam kowane shi kaɗai a ledarsa, in ba haka ba ɗaya ne zai isa. Gaiwa kuwa, wadda take kwana cikin busasshen laka duk rani, da huhu take numfashi, in aka cika mata ruwa ba wurin ɗago kai sai ta nutse. Ita da gwando ruwa kaɗan ake sa musu, kuma ƙwararru sukan haɗa musu da iskar duniya maimakon oksijin zalla. Ledojin a jera su a akwatin farin soso mai riƙe sanyi, a saka shi cikin kwali, a manna alamar dabba mai rai da kibiyoyin da ke nuna sama. Ƙa'idar ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta IATA ita ce a ɗaure kifi yadda zai rayu awa 48 ba wanda ya taɓa shi. A nan gida za ka sa gorar ƙanƙara naɗe da jarida saboda zafi, amma idan Disamba ce kuma Frankfurt za a sauka, abin ɗumama akwati mai saye zai ce ka sa. Ka tambaye shi.

Yanzu ƙirga awowin. Daga Legas zuwa London ko Frankfurt tafiyar awa 6 zuwa 7 ce, amma ana karɓar kaya awowi kafin tashi, can ma binciken kan iyaka yana cin nasa. Daga Maiduguri zuwa Legas kuwa ya haura kilomita 1,500 a mota, ga shingaye, ga rana. Leda ɗaya ba za ta ɗauki wannan duka ba. Dole kifin ya huta a Legas, a canza masa ruwa, a sake ɗaure shi. A nan akwai tarko: idan ya sauka a wurin wani ya haɗa ruwa ko koma da kifin wani, killacewar da ka yi a Maiduguri ta rushe, kuma wurin da hukuma za ta shaida shi ne na Legas ɗin. Saboda haka shawarata ga mai farawa ita ce kada ya yi gaggawar ganin sunansa a takardar jirgin ƙetare. Ya fara da zama mai kai wa wani tsohon mai fitarwa da ke da wurin da NAQS ta sani, ya aika akwati biyu ko uku ta jirgin cikin gida, ya ga nawa suka isa. Mutum biyar su haɗa ɗakin killacewa ɗaya mai kyau ya fi kowa ya kafa tankuna uku a zaurensa. Ejan da za ka ɗauka a filin jirgi kuma ya zama wanda ya taɓa fitar da kifi mai rai, ba wanda ya saba da buhunan citta ba, domin buhu yana jira, kifi ba ya jira.

Wannan duka bai tsaya ga Turai ba. Mai ɗaukar 'ya'yan tarwaɗa a jarka ya bi ta Gamboru zuwa Kuseri da Njamena, ko ta Damasak zuwa Diffa, shi ma fitar da kifi mai rai yake yi, dokar 1992 ta hau kansa, kuma maƙwabta suna da ikon neman takarda. Hatsarin ma ya fi kusa, tunda ruwanmu da nasu ɗaya ne. Cutar da ka kai Kuseri, kogin Shari zai dawo maka da ita Baga.

Kafin kaya su tashi ku rubuta yarjejeniya a kan wanda ya mutu a hanya: cikin awa nawa mai saye zai turo hoto, ledar tana ɗaure ko an buɗe, kuma za a cire kuɗin ne ko za a cike a kaya na gaba. Ku kuma fayyace wanda zai biya kuɗin jirgi, don sau da yawa yakan fi kuɗin kifin. Idan kaya sun sauka, ka nemi ya gaya maka awa nawa suka yi daga ɗauri zuwa buɗewa, zafin ruwan da ya tarar, ledar da ta sace, da nau'in da ya fi galabaita, sannan ya sake ba ka labari bayan mako guda. Ka buɗe littafinka ka rubuta amsoshin a ƙarƙashin shafin tankin da kifin ya fito, kusa da sunan masuncin da ya kawo shi.